Yayen Auta Na Biyu

Ni malamin ofis ne. Tsofaffin garinmu har yau En'e su ke ce wa ma'aikatarmu, ko da ya ke tun cikin 1976 aka sauya tsari aka koma ƙananan hukumomi. Aikina rubutu ne da lissafi da ajiyar takardu. Ban san kome a kan aikin likita ba, sai ɗan abin da wahala ta koya mini. Na daɗe ina shawara da zuciyata, ko in rubuta wannan labari ko in bari, gama ya shafi asirin gidanmu. Daga baya na tambayi mai abin, ya ce in rubuta, amma kada in faɗi sunansa. Saboda haka zan kira shi da sunan da mu ke kiransa a gida, watau Auta.

Mu bakwai Inna ta haifa. Ni ne na fari, shi ne na ƙarshe, tsakanina da shi shekara 17. Mahaifinmu ya rasu Auta yana aji uku na firamare, sai riƙonsa ya dawo hannuna. Da ya gama makaranta na kai shi wurin wani tela a bakin kasuwa. Allah kuwa ya ba shi hannu, kafin shekara uku har ya fi maigidansa iya yanka. Na ci bashi a ofis na saya masa keken ɗinki, na kama masa shago.

Duk wanda ya san teloli ya san halin da su ke shiga a goman ƙarshe na azumi. Kwana a ke yi a kan keke, masu kaya suna tsaye a bakin shago suna faɗa. A irin wannan dare ne wani abokin sana'arsa ya miƙa masa ƙwaya ɗaya, ya ce ta hana gajiya ce. Tramol ce. Shi dai tramol magani ne na gaskiya, likitoci kan ba wanda ya karye ko wanda aka yi wa aiki, don rage zafin ciwo. Wanda hukuma ta yarda da shi a ƙasar nan mai ƙarfin miligiram 50 ne ko 100. Amma wanda ke yawo a hannun 'yan talla, wanda a ke shigowa da shi ta ɓoye, akwai mai 200, akwai mai 225. Auta ya sha, ya ɗinka riguna har asuba bai ji kome ba. Sallah ta wuce, shan ƙwaya bai wuce ba. Daga nan ya haɗa da maganin tari mai kodin, wanda samari ke zubawa cikin lemon kwalba don kada a gane. Da barci ya fara yi masa wuya, sai aka nuna masa wata ƙwayar barci da su ke kira roci, sunanta a kemis Rohypnol.

A cikin 2018 gidan BBC ya nuna wani fim a kan yadda kodin ke ɓata matasa a ƙasar nan. Nan da nan Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigowa da shi. Na tuna muna zaune a ofis muna yaba wa Gwamnati, ni ne ma na fi kowa zaƙewa, ina cewa iyayen yaran nan su ne da laifi. Ashe a gidana kwalba ta yi tsada ne kawai, Auta ya bar ta ya ninka ƙwaya. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. A farkon 2019 kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da wani ofishi na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da sakamakon binciken da suka yi. Suka ce a cikin 'yan shekara 15 zuwa 64, mutum fiye da miliyan 14 sun taɓa kayan maye a shekarar da ta gabata, ba a ma sa giya da taba cikin lissafi ba. Watau mutum ɗaya ke nan cikin kowane bakwai, kuma ɗaya cikin kowane huɗu na masu shan mace ce. Na ji wannan a rediyo, na yi salati, ban kawo Auta a raina ba ko kaɗan.

Alamu kuwa duk sun bayyana, ni ne ban karanta ba. Yaro ya rame, magana ta yi masa nauyi, ya bar cin abinci tare da mu. Masu kaya suka fara zuwa gida neman yadinsu. Inna ta riƙa biyan wasu a ɓoye da kuɗin adashinta. Sai ran nan na biya ta shago na tarar da ƙafar keke kaɗai, an kwance kan an sayar. A daren nan maiɗakina ta kawo mini abin da ta daɗe tana tsinta a aljihunsa in ta zo wanki, watau fankunan ƙwayoyi cike da leda. Ta ce, "Malam, tsoron fushinka ne ya hana ni nuna maka."

Muka yi taron dangi. Kawunmu ya ce a kai shi gidan mari. Na ƙi, domin na tuna abin da ya faru a cikin Satumba na 2019, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fitar da wajen mutum 300, manya da yara, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. A watan da ya biyo baya aka buɗe irinsa a Daura da Katsina. Na ce ƙanena ba zai shiga irin wannan wuri ba ina da rai. To, ku ji wayon da na yi. Na share shagon da ke cikin zaurenmu, na shimfiɗa tabarma, na ajiye buta da bokiti, na tura Auta ciki, na datse ƙofa da kwaɗo, na sa makulli a aljihu. Na ce kwana bakwai, in ya ga babu zai haƙura. A ganina a lokacin, abin duk taurin kai ne, taurin kai kuwa na san maganinsa.

Ranar farko roƙo ya yi ta yi ta jikin ƙofa. "Yaya, don Allah don Annabi, ko rabi ne." Rana ta biyu ya fara hamma ba iyaka, majina da hawaye suna zuba kamar mai mura, ga amai, ga zawo, ga gumi, yana cewa ƙasusuwansa a ke sassarawa. Bai runtsa ba, mu ma ba mu runtsa ba. Inna ba ta faɗin sunana, tun da ya ke ni ne ɗan fari, ba ta ma cika duban idona ba. A daren nan ta fito har zaure, ta tsaya a bayana ta ce, "Kai, a buɗe masa haka nan." Ban taɓa saɓa maganarta ba tun da na yi wayo, sai ran nan. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, gyara na ke yi."

A dare na uku ya yi shiru. Har na fara jin daɗi, ina cewa ya sauko. Can wajen ƙarfe biyu sai na ji bokiti ya kife, wani abu yana bugun ƙofa daga ƙasa. Na buɗe na haska fitila. Ga Auta a ƙasa ya sandare, ido ya juye, jiki yana fizga, kumfa da jini a bakinsa domin ya ciji harshe. Mata suka sa kuka, maƙwabta suka cika zaure. Wani ya ce iska ce, a kawo garwashi a yi hayaƙi. Wani ya ɗauko cokali zai cusa masa a baki. Allah ya taimake mu da wani maƙwabcinmu malamin asibiti, ya ture mai cokali, ya kawar da kayan da ke kusa, ya sa masa tsumma a ƙarƙashin kai, da fizgar ta lafa ya juya shi a kan gefensa. Sa'an nan ya tambaye ni abin da yaron ke sha da ranar da ya bari. Da na gaya masa, sai ya dube ni ya ce, "Malam, saura kaɗan ka kashe shi da hannunka. Nemo mota."

A babban asibiti suka tsayar da farfaɗiyar, suka yi masa ƙarin ruwa. Da gari ya waye suka ba mu takarda zuwa asibitin masu taɓin hankali. Ba zan ɓoye muku ba, wannan takarda ta fi mini nauyi bisa ga abin da na gani da dare. Asibitin mahaukata mu ke ce masa tun muna yara, ina tunanin wa zai ba Auta mata in aka ji, wa zai auri 'ya'yana. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Muka tafi.

Likitan da muka samu bai yi faɗa ba, bai yi wa'azi ba. Tambaya ya yi ta yi kamar mai ƙidayar haraji. Me ka ke sha? Guda nawa a yini? Tun yaushe? Yaushe ka sha na ƙarshe? Auta ya faɗi tramol ya ɓoye roci, don ina zaune. Likita ya gane, ya ce in ɗan ba su wuri. Da na dawo an riga an ɗebi jini da fitsari, za a duba hanta da ƙoda.

Sa'an nan ya zaunar da ni ya yi mini bayani, ni kuwa na rubuta a bayan ambulan, gama hannuna ya saba. Ya ce kayan nan gida biyu ne. Tramol da kodin 'yan gida ɗaya ne. Wanda jikinsa ya saba da su, in ya bari, ciwo kan taso masa cikin yini guda, ya tsananta a rana ta biyu da ta uku, ya fara sauƙi wajen mako ɗaya. Azaba ce ƙwarai, amma ba ta cika kisa ba, sai in amai da zawo sun ƙarar da ruwan jiki ba a mayar ba. Gida na biyu shi ne giya da ƙwayoyin barci irin su roci da Valium. Su danne ƙwaƙwalwa su ke yi, ita kuwa ƙwaƙwalwa sai ta riƙa ƙara ƙarfi don ta ɗaga abin da ya danne ta. Ya ce in duba mutum biyu suna jan igiya, kowa ya kafe ƙafa, in ɗaya ya saki ba zato, me zai sami ɗayan? Na ce zai sha ƙasa. Ya ce, "To, abin da ka gani a zaurenka ke nan. Igiyar nan sannu a ke sassauta ta."

Sassautawar kuwa ga yadda ta ke. Suna ba majiyyaci wani magani ɗan'uwan abin da ya saba, amma a kan awo, a kan lokaci, daga hannun nas. Kullum ko bayan kwana biyu a rage kaɗan, gwargwadon yadda jiki ya karɓa, har a kai ga babu. Ga kuma maganin amai, da na zawo, da na ciwon gaɓoɓi, da ruwan gishiri da sukari. Dare da rana a kan zo a gwada bugun zuciya da hawan jini da zafin jiki, a sa shi ya miƙa hannuwa a ga ko suna rawa, a rubuta. Ni da na saba da littafin lissafi, babu abin da ya kwantar mini da rai kamar takardar nan. In nas ta zo na kan leƙa in ga adadin maganin yana sauka, kamar bashin da a ke biya kashi kashi.

A nan ne na tuna karatun zaure. Malaminmu ya taɓa gaya mana cewa hanin giya bai sauka rana ɗaya ba. An fara nuna wa mutane cutarta ta fi amfaninta, sa'an nan aka hana su kusantar salla suna cikin maye, daga baya a cikin suratul Ma'ida aka hana gaba ɗaya. Ban ce wannan da aikin likita abu ɗaya ne ba, wannan magana ta malamai ce. Amma na yi mamakin kaina, yadda na san wannan tun ina yaro, duk da haka na ɗauki kwaɗo.

A gadon da ke kusa da na Auta akwai wani dattijo, tsohon direban babbar mota. Ya fi shekara 30 yana shan giya kullum, ba wanda ya sani sai uwargidansa. Da watan azumi ya kama ya yi niyyar tuba, ya bari rana ɗaya. Kafin a sha ruwa hannunsa na rawa. A rana ta uku ya daina gane 'ya'yansa, yana kakkaɓe kunamu daga rigarsa alhali babu kome, yana ihu wai motarsa ta tsinke a gangare. Haka aka kawo shi ɗaure da rawani. Nas ta gaya mini wannan ruɗewa kan zo tsakanin rana ta biyu da ta huɗu, tana tare da zazzaɓi da bugun zuciya, kuma tana kisa in ba a yi magani ba. Na ga suna yi masa allurar bitamin B1, wai giya kan hana jiki samunsa, rashinsa kuwa na iya lalata tunanin mutum har abada. Bayan kwana biyar dattijon nan ya farka garau, ya nemi buta ya yi alwala, yana tambayar azumi nawa ya sha. Saboda haka ku da kuka iya karatu yanzu, in kun san wani wanda ya daɗe yana sha kullum kuma Allah ya sa masa niyyar bari, ku ƙarfafa masa gwiwa, amma ku raka shi wurin likita tun ranar farko. Akwai asibitocin Gwamnati na wannan aiki a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau ta Kano, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Wanda ya yi nisa da su ya fara da babban asibitin da ke kusa da shi.

Rana ta shida Inna ta zo da kunun gyaɗa a kwano. Ta zauna a bakin gado tana ba Auta da cokali, ƙato mai gemu. Ba ta dube ni ba, da maiɗakina ta ke magana, amma na san da wa a ke. Ta ce sa'ad da za ta yaye shi, gidan kakarsa ta kai shi. Tsohuwa ta goya shi dare uku tana zagaya tsakar gida, in ya yi kuka ta ba shi kunu, har ya manta da nono. Ta ce, "Ni dai ban taɓa jin inda aka yi yaye da kwaɗo ba." Tun daga ran nan a gidanmu yaye mu ke ce wa kwanciyar nan tasa.

A rana ta 12 takardar ta kai ga babu. Auta yana ci, yana ɗan barci, idonsa ya washe. Ni kuwa albashin wata biyu ya riga ya tafi, sai na je na ce wa likita mun gode, a sallame mu. Ya ce, "Malam, kai ɗan manoma ne. In an share gona an ƙone kututture, an yi noma ke nan?" Ya ce abin da suka yi jiki kawai suka raba da ƙwaya. Sha'awarta tana nan, abokan suna nan, mai sayarwa yana nan a inda ya ke, dalilin da ya sa aka fara ma yana nan. Ya ƙara da wata magana da ban taɓa zato ba. Ya ce yanzu ne yaron ya fi shiga haɗari, domin jikin da dā ya ke ɗaukar ƙwaya goma ya koma kamar na wanda bai taɓa sha ba. In ya fita ya sha adadin da ya saba, numfashinsa na iya tsayawa cikin barci.

Na sayar da ragunan da na ke kiwo, Auta ya ƙara mako shida. A wannan lokaci magani kaɗan ne, zance ne da yawa. Su kan zauna a da'ira da wani malami, kowa ya faɗi abin da ke tayar masa da sha'awa, da abin da zai yi in ta taso. Mu ma dangi aka kira mu sau uku. Ashe wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Tun cikin 1954 Dokta Lambo na asibitin Aro a Abeokuta ya fara saukar da masu taɓin hankali a ƙauyukan da ke kewaye, kowane tare da wani danginsa, don ya ga magani ya fi kama mutum in nasa suna kusa. A zaman farko na tashi da wa'azi, malamin ya ce in dakata in ji ta bakin Auta. Abin da na ji bai yi mini daɗi ba. Ya ce tun ranar da na saya masa keke na ke ƙirga masa bashin da na ci, shi ya sa ba ya iya mayar da aiki ko ya fi ƙarfinsa. Gaskiya ya faɗa.

Bayan an sallame shi da wata biyar ya sha. Ba kama shi na yi ba. Shi ya same ni a zaure bayan lisha, ya tsuguna ya ce, "Yaya, na sha guda biyu." Hannuna har ya tashi, Allah ya sa na mayar da shi aljihu. Abokin nan nasa da ya fara ba shi ƙwaya ne ya rasu a makon. An tsare shi wata uku, ranar da ya fito ya sha irin abin da ya saba, ya kwanta, da safe aka tarar da shi. Daga wurin jana'iza Auta ya wuce wurin mai ƙwaya. Washegari muka koma asibiti. Na zaci likita zai ce mun ɓata masa aiki, sai ya ce wa Auta ya kyauta da ya faɗa da wuri, ya mayar da ranar ganinsa kowane mako maimakon kowane wata.

Na sake saya masa kan keke, na hannu ne, ban kuwa taɓa ambata kuɗinsa ba. A azumin da ya wuce ɗinkin mutum 30 kaɗai ya karɓa, ya mayar da sauran, wasu suka tafi suna zagi. Ƙarfe 11 ya ke rufe shago. Ni kan je bayan asham in zauna a benci ina sa masa maɓalli, ko da ya ke rabinsu sai ya kwance ya sake. Har yanzu in ya makara da dare ba na iya barci, in ya shigo kuma na kan dubi idonsa, shi ma ya san ina duba, ba mu taɓa yin maganar ba. Kawu ya fara zancen a nema masa mata, Inna ta ce a bari sai bayan kaka. Jibi Talata ce ranar komawarmu asibiti. Na riga na nemi izini a ofis, katin yana cikin aljihun rigata.